Ista ta ƙarato, ni kuwa na kasa waƙa tun rasuwar ɗiyata

Inna, ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu. Ni mace ce mai shekara 31, a nan Maradi nake aure. A gidan Kirista aka haife ni, kakana yana cikin waɗanda suka karɓi bishara a wajen Tsibiri tun zamanin Turawan mishan. Tun ina budurwa nake cikin mawaƙan ikilisiya. Da daminar da ta wuce, cikin watan Satumba, zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗiyata ta fari, shekararta huɗu. Kwana biyu ina ba ta maganin da na saya a tebur, ina addu'a. Ran na uku muka kai ta likita. Tana kwance can, wata 'yar'uwa ta haɗa ni a waya da wani mai wa'azi, ya ce in yi hadaya mai zafi, in ba da abin da ya fi mini daraja, kada kuma in bar shakka ko ƙanƙanuwa ta shiga zuciyata, yarinya za ta tashi. Na sayar da akuyata na aika masa jika 30. Na yi azumi. Ran na biyar ta cika.

Da aka zo gaisuwa, wata babba a zumuntar mata ta ce mini da bangaskiyata ta kai ƙwayar mastad da abin bai zo haka ba. Tun daga ranar wani abu ya karye a cikina. Ina zuwa sujada don kada a yi magana, amma in na fara addu'a sai in ji ba mai saurare. Da dare nakan tambayi kaina ko da gaske ne ma Yesu ya tashi, ko labari ne kawai muka gada. In na yi wannan tunani sai tsoro ya kama ni, in ce shi ke nan na fita daga ceto. Na daina cin Jibin Ubangiji. Maigidana ba ya maganar yarinyar ko kaɗan, sammako yake yi kasuwa, sai dare. Muna da ƙaramin ɗa mai shekara biyu. Yanzu an ce ni zan ba da waƙar tashi ran Lahadin Ista, idin tashin Yesu daga matattu, kamar yadda na saba. In na tsaya na rera abin da ban tabbata ba, ai munafunci ne. In na ƙi kuma, me zan ce? Inna, ni na kashe ɗiyata da ƙarancin bangaskiya? Allah yana karɓar mai shakka?

Wata 'yar'uwa, Maradi

Ɗiyata, sannu da rashi, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne fiye da rabin shekara ke nan kina ɗauke da wannan kaya ke kaɗai, a tsakiyar ikilisiya cike da mutane. Ga shi kuma ta fari ce. Kin san halinmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna ƙaunarsa a gaban mutane, in ya rasu ma ido na kan uwa a ga ko za ta yi kara ta haɗiye kukanta. Kowa ya shigo ya ce "ya haƙuri", ke kuma ki ce "da godiya", har kwanakin gaisuwa su ƙare ba ki yi kukan da ya kamata ba. Ina zaton rabin bushewar da kike ji a zuciya wannan kukan ne da bai samu hanyar fita ba.

Tambayarki ta farko zan fara amsawa, kuma ba da kwana-kwana ba. A'a, ba ke kika kashe ɗiyarki ba. Zazzaɓi ne ya kashe ta, ciwon da ke ɗaukar yara a ƙasarmu kowace damina, a gidan mai addu'a da gidan marar addu'a, a gidan fasto da gidan limami. Wanda ya ce miki ran yarinya yana rataye da kuɗin akuya, ya faɗi abin da ba ya cikin bishara. Ki lura da yadda ya shirya maganarsa. In yarinya ta warke, hadayar da ya sa ki yi ce ta yi aiki, sunansa ya ƙaru. In ta rasu, shakkarki ce ta ɓata, shi ba ruwansa. Ta kowane gefe shi ya tsira, kuɗi na aljihunsa, laifi na kanki. Kuma wace uwa ce za ta zauna bakin gadon ɗiyarta tana kallon numfashinta yana sama-sama, ta ce tsoro bai ratsa ta ba? Ya ɗora miki sharaɗin da ba ɗan adam da zai iya cikawa. A cikin Ayyukan Manzanni sura 8, da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya domin ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Wannan hukunci bai canja ba don yanzu ta waya ake aika kuɗin. Ba na ce ki bi shi ki karɓo jika talatin ɗinki ba, da wuya su dawo, kuma ƙarfinki ba na wannan faɗa ba ne yanzu. Amma ki gaya wa fastonku da dattawa abin da ya faru, dalla-dalla, domin damina na sake zuwa, wata uwar kuma za a ba ta lambar nan. 'Yar'uwar da ta haɗa ku, ina kyautata zaton taimako ta yi nufi, ita ma an ruɗe ta ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda irin waɗannan mutane suke ɗaukar kalmar hadaya su juya ta baya. A garinmu ba wanda bai san labarin Ibrahim da rago ba, maƙwabtanmu suna tuna shi kowace shekara da layya, mu kuma muna karanta shi a Farawa sura 22. Ishaku ya ga wuta da itace, ya tambayi ubansa ina ragon, Ibrahim ya ce Allah da kansa zai tanada. Bisharar Ista gaba ɗayanta tana cikin wannan amsa. Da Yahaya Maibaftisma ya hango Yesu, ya kira shi Ɗan Ragon Allah mai ɗauke zunubin duniya. A makon Idin Ƙetarewa aka gicciye shi, lokacin da ake yanka raguna a Urushalima. Wasiƙar Ibraniyawa sura 10 ta ce firistoci suna tsaye kullum suna maimaita hadayun da ba su iya kawar da zunubi, amma Almasihu ya miƙa hadaya guda ɗaya tak saboda zunubai, ya zauna. Ya zauna ne domin aiki ya ƙare, kamar yadda ya faɗa da bakinsa a kan gicciye, "An gama." Saboda haka ba wani bashi da ya rage a kanki wanda akuya za ta biya. Baiko da zakka da sadaka muna yin su don godiya, bayan mun riga mun karɓa. Kuma ki riƙe wannan: akuyar nan da kika sayar, Allah ya ga zuciyar da ta sayar da ita. Uwa ce ta fitar da iyakar abin hannunta don ɗiyarta. Alhakin yana kan wanda ya karɓa da ƙarya.

Sai maganar ƙwayar mastad. Ina so ki buɗe Matiyu sura 17 da kanki ki ga wa aka faɗa wa wannan magana. Wani uba ne ya kawo ɗansa mai farfaɗiya, almajirai suka kasa warkar da shi. Bayan an watse suka zo wurin Yesu a keɓe suna tambayar dalili, shi ne ya ce musu bangaskiya ko ƙanƙanuwa kamar ƙwayar mastad tana iya kawar da dutse. Ma'aikata ya yi wa faɗa, a keɓe, kuma su suka tambaya. Uban yaron fa? Markus sura 9 ta ba da labarin nan da tsawo, a can ne muke jin uban yana ɗaga murya yana cewa ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Mutum ya furta da bakinsa cewa zuciyarsa rabe take, Yesu bai kore shi ba, bai ce ya je ya gyara bangaskiyarsa ya dawo ba. Ayar da aka jefe ki da ita a zaman makoki, Ubangiji bai taɓa jifan mahaifi mai baƙin ciki da ita ba.

Na san abin da za ki ce: wancan yaro ya warke, tawa kuwa ta tafi. Gaskiya ne, ba zan rufe wannan da daɗin baki ba. Amma in addu'ar da ba a amsa yadda aka roƙa ba ita ce shaidar ƙarancin bangaskiya, to me za mu ce da daren Getsamani? Sau uku Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, washegari ya sha shi. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar tana nan. Dawuda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa saboda jaririnsa, ran bakwai yaron ya mutu. Dalilin da ya sa wani ke tashi wani ke tafiya yana wurin Allah, duk wanda ya zauna a tabarmar gaisuwa ya ce ya san shi, ya wuce gona da iri. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Wannan babbar mace ta yi kuskure irin nasu. Mai yiwuwa tsoro ne ya yi magana a bakinta, don in ta yarda cewa ɗiyar mai bangaskiya na iya mutuwa, ta yarda ke nan jikokinta ma ba su da tabbas. Wannan bai wanke ta ba. In kin sami ƙarfi nan gaba, ki tafi da matar fasto ko wata dattijuwa da kika amince da ita, ki gaya mata cikin ladabi cewa maganarta ta yi miki rauni. In ba ki iya yanzu, ki bari, gafara ba a yi mata gaggawar dole.

Akwai abin da ba ki tambaya a fili ba, amma na gan shi a yadda kika ƙirga kwanakin: kwana biyun nan na maganin tebur. Ina jin su ne ke hana ki barci fiye da maganar kowa. Ba zan yi miki ƙarya ba, zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro yana iya juyawa cikin yini ɗaya, ya shanye jini ko ya hau kai, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a kawo yaro tun ranar farko. Amma abin da kika sani yau da ciwo, ba ki san shi haka ba a ranar. Sau nawa zazzaɓi ya kama yaran unguwa aka ba su magani suka miƙe? Kin yi abin da uwaye da yawa suke yi, da abin da ke hannunki, kuma da kika ga abin ya ƙi kin ɗauke ta kin kai. Ba mai iya tabbatar miki cewa da kin je ran farko da ta rayu. In duk da haka zuciyarki na cewa akwai sakaci, kada ki binne shi, ki kai shi gaban Ubangiji da sunansa. Jinin da ya isa ya wanke Bitrus bayan ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya isa ga kwana biyu na uwar da ba ta sani ba. Ga ɗan ƙaramin kuma, gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata da damina kada ya wuce shi, in jikinsa ya yi zafi a yi gwaji ranar. Zuwa likita ba raina addu'a ba ne. Waɗanda suka kawo wa kakanki bishara su ne suka gina asibitin Galmi a 1950, suka kuma buɗe na Danja nan kudu da mu don masu ciwon kuturta. Tun farko wa'azi da magani tare suka zo mana.

Yanzu shakka. Kina ganin Ista idi ne na masu tabbaci, ke kuma baƙuwa ce a cikinsa. Ki karanta surorin ƙarshe na bisharu huɗu a hankali, ki ƙirga mutum nawa suka gaskata nan take. Matan da suka yi sammako zuwa kabari, kayan ƙanshi na gawa suka ɗauka, ba su je taryen mai rai ba. Da suka dawo da labari, Luka ya ce manzanni sun ɗauki maganarsu tatsuniya. Mutum biyu a hanyar Imuwasu suna tafe suna cewa dā sun sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila, wato sun riga sun cire rai, alhali shi ne ke tafiya a gefensu. Har a kan dutse a Galili, Matiyu 28:17 ta ce sun gan shi sun yi masa sujada, amma waɗansu suka yi shakka, kuma waɗannan ɗin dai ya aika su duniya duka da bishara.

Toma kuwa an yi masa rashin adalci da aka mai da sunansa abin zagi. Shi ne wanda, da Yesu zai koma Yahudiya inda ake neman ransa, ya ce wa 'yan'uwansa su ma su tafi su mutu tare da shi. Mutum ne mai ƙauna mai zafi, gicciyen da aka yi wa Yesu ran Jumma'a ya farfasa shi, ya ce ba zai sake ba da zuciyarsa ba sai ya ga gurbin ƙusoshi. Shakkarsa irin taki ce, daga rauni ta fito. Abu biyu nake so ki gani a labarinsa a Yahaya sura 20. Mako guda cur ya yi yana cewa bai yarda ba, amma da Lahadi ta zagayo yana cikin ɗakin tare da su. Bai ƙaurace ba, su ma ba su kore shi ba. Sa'an nan da Yesu ya zo, abin da ya nuna masa raunuka ne, hannuwa da kwiɓi. Ya tashi daga matattu da tabonsa a jiki. Wanda kike jin tsoron zai ƙi ki saboda tambayoyinki, shi ne ya yi kira a kan gicciye da farkon Zabura 22, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi. Zuwan da kike yi sujada, wanda kike kira don kada a yi magana, ni ina ganinsa zaman Toma ne a cikin ɗakin.

Tambayar ko da gaske ya tashi tambaya ce mai kyau, kada ki ji kunyarta, bangaskiyarmu ba ta tsoron a bincike ta. Mutuwarsa a hannun Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, har marubucin tarihin Romawa Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista, ya ambace ta. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa wasiƙarsa ta fari wajen shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye, a sura 15 ya jera waɗanda suka ga Yesu da rai: Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna nan da rai, sai Yakubu, sai shi kansa wanda dā yake tsananta wa ikilisiya. Wanda ke ƙirƙira labari ba ya nuna wa mutane shaidun da za a iya zuwa a tambaya. Kuma a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, mai ƙaga labari ba zai sa Maryamu Magadaliya a gaba ba, ba kuma zai rubuta cewa shugabannin ikilisiya sun gudu sun ɓuya ba. Mutanen nan da suka kulle ƙofa don tsoro, bayan 'yan makonni suna tsakiyar Urushalima suna shela, ana dūkansu ana ɗaure su ba su janye ba. Waɗannan hujjoji ba za su share miki hawaye ba, na sani. Amfaninsu shi ne da dare, in tunanin nan ya zo cewa labari ne kawai, ki sami abin da za ki tsaya a kai wanda bai dogara ga yadda kike ji a daren ba.

Nan ne kuma amsar tsoronki game da ceto take. Kina auna cetonki da zafin zuciyarki, in ta yi sanyi ki ce ya tafi. Afisawa sura 2 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, baiwar Allah ce, ba daga gare mu ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira muka shirya ba. Ke uwa ce, kin san goyo. Yaro yakan riƙe wuyan riga da farko, in barci ya ɗauke shi hannuwan su saki, kansa ya langaɓe, amma ba ya faɗuwa, domin tun farko zani da majanyi da bayan uwa ne ke riƙe da shi. Hannunki ya saki saboda gajiya, wanda ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa bai saki ba. Wanda ya fita daga bangaskiya da gaske ba ya kwana yana kuka don tsoron ya rasa Yesu. Game da ɗiyarki kuma, Ubangiji ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, mulkin Allah na irinsu ne. Dawuda da ɗansa ya mutu ya ce yaron ba zai komo wurinsa ba, amma shi zai tafi wurin yaron.

Saboda haka ki koma teburin Ubangiji. Gargaɗin da Bulus ya yi a 1 Korantiyawa 11 kan ci da rashin cancanta, ya yi shi ne ga mutanen da suke cika ciki har su bugu suna barin matalauta da yunwa. Bai yi shi ga mai karyayyar zuciya ba. A daren da aka kafa jibin, duk waɗanda suka ci sun watse kafin gari ya waye, kuma yana sane ya miƙa musu. Kafin ranar ki nemi fasto ku zauna, matarsa na wurin, ki faɗa masa abin da kika rubuta mini, har da maganar shakka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wasiƙar Yahuza ta umarci ikilisiya ta ji tausayin masu shakka, haƙƙinki ne a kansu. In kin san fastonku mai saurin hukunci ne, ki fara da dattijuwar da ita ma ta taɓa binne ɗa, ba za a rasa ba a zumuntarku.

Waƙar kuma, ba dole a ciki, kowace hanya kika bi ba zunubi. Munafuki shi ne mai rera abin da ya raina don a yabe shi. Mai rera abin da take marmarin ya zama gaskiya, tana riƙe da shi da rawar jiki, addu'a take yi. Duk da haka ni shawarata bana kada ki ba da waƙa. Tsayawa gaban taro da murya ɗaya, idanu duka a kanki, a Ista ta farko bayan rashi, kaya ne mai nauyi, kuma in murya ta karye a tsakiya za ki koma gida da sabon abin zargin kai. Ki je wurin shugabar mawaƙa tun yanzu don su sami lokacin shirya wata, ki ce mata, "Bana ina cikin makoki, ku ba wata, zan tsaya cikin masu amshi." Ba sai kin ƙara bayani ba. Ki tsaya a layin baya, baitin da kika iya ki amsa, wanda ya ƙi fita ki bar 'yan'uwa su rera a madadinki. In ko tsayawar ta yi yawa, ki zauna cikin jama'a da ɗanki a cinya. Sujadar Jumma'ar gicciye kam kada ta wuce ki, ita ce ranar da ikilisiya ke tsayawa tare da wata uwa, Maryamu, a gindin gicciyen ɗanta na fari. Addu'a kuma in ta ƙi zuwa, ki daina tilasta kalmomin kanki. Ki buɗe Zabura 13 ko 42 ki karanta da murya. Zabura 88 ma tana nan, wadda ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, kuma Allah ya bar ta cikin littafinsa don irin waɗannan darare.

Maigidanki bai manta ba, ɗiyata. Namiji a wurinmu an hore shi tun yana yaro kada a ga hawayensa, sai ya kai baƙin cikinsa kasuwa ya yini da shi. Ba mamaki shi ma yana ƙirga nasa kwanakin, yana cewa da ya kawo kuɗin likita tun ran farko, yana kuma tsoron in ya ambaci yarinyar zai fama miki ciwo. Ku biyu kuna kare juna da shiru, shirun kuma yana cin ku duka. Litinin ɗin Ista ranar hutu ce a ƙasarmu, ki roƙe shi tun da wuri ya bar kasuwa ran nan ko da rabin yini. Da yamma in zafin bazara ya sauka, ki kai yaron wurin maƙwabta, ku zauna. Kada ki fara da "me ya sa ba ka maganarta", zai ji kamar tuhuma. Ki fara da wani abu nata da kike tunawa, yadda take tarbarsa a ƙofa ko wata kalma da take faɗa ba daidai ba, ki kira sunanta, kara ba ta da wuri a tsakaninku biyu. In ya yi shiru ko ya tashi ya fita, kada ki ɗauka ƙi ne, ki sake wani lokaci. In bai san zancen akuya da kuɗin ba, ki gaya masa da bakinki kafin ya ji a waje.

Abu na ƙarshe ya shafi jikinki. In barci ya ƙaurace miki makonni, abinci ba ya shiga, kina kasa kula da yaron, ko tunani yana zo miki cewa gara ki bi ta, wannan ya wuce abin da za a bar wa lokaci. Ki gaya wa maigidanki ko matar fasto a ranar, ku je likita, baƙin ciki mai tsanani ciwo ne da ake dubawa kamar kowane ciwo. Bayan idi ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda zamanki da fasto ya kasance, da abin da maigidan ya ce. Ina sa ku cikin addu'a, ke da shi da ƙaramin.